Mai Yankan Burodi

Burodi ɗaya, mutum takwas.
Lissafin da ya rage mini ke nan
a shekara ta uku bayan waya mai ƙaya,
a wani kwari na Silesiya
inda dusar ƙanƙara ke shafe sawun mutum
kafin ya waiwaya.

Ni suka ba wuƙar.
Ba ma wuƙa ba ce, murfin gwangwani ne
da Tranter ya wasa a bakin murhu.
Suka ce idon tela ba ya kuskure,
ni kuwa tela ne a Leeds kafin yaƙi.
Sai na warware zare daga bakin rigata
ina auna rabo kamar mai auna wuyan kwat,
idanu goma sha huɗu a kan yatsuna.
Mai yanka shi ke ɗauka a ƙarshe.
Doka ce, ko da ba wanda ya rubuta ta.

Emrys Probert mahaƙin kwal ne.
Ya baro ramin ƙasarsu
aka zura shi a ramin ƙasar wasu.
Yakan yi dariya, ya ce duhu duk ɗaya ne,
tari ma yare ɗaya yake ji.
Ba ya cin nasa nan take,
sai ya sa a aljihun ƙirji, ya dafe,
wai dare ya fi tsawo ga marar ajiya.

Ranar da mai duba ya zo daga Janiba
da jakar fata da takalmi mai sheƙi,
tun asuba aka raba mana barguna,
aka sa nama a miya, har muka gan shi da ido.
Ya ce, ana kula da ku?
Kwamanda na bayansa yana gyara safar hannu.
Muka ce ana yi.
Labarin zuciya a tambayi fuska,
amma shi takarda yake kallo.
Ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa ba
aka zo karɓar barguna, ana ƙirgawa.

Duk da haka ba zan yi masa butulci ba:
bayan wata biyu ƙunshi ya iso,
shayi, madarar gwangwani, sabulu,
da sigarin da muka musanya da ƙwai biyu
a hannun wani tsohon mai gadi
wanda ɗansa ya tafi gabas, shiru har yau.

Ƙwan bai tare komai ba.
Daren Talata tarin Emrys ya yanke.
Ba mu faɗa ba.
Kwana uku muna fita da shi wurin ƙidaya,
ni a dama, Tranter a hagu,
hularsa a ja har karan hanci.
Sanyi ya rufa mana asiri, ya riƙe shi a miƙe.
Tsohon ya dube mu, ya dube shi,
ya daɗe,
ya ce takwas, ya wuce.

Na yanka takwas.
Na takwas muka kasa bakwai,
ba mai kallon ɗan'uwansa.
A aljihun ƙirjinsa na tarar da guntun ajiya.
Wannan kam ban auna ba.
Na ci a duhu,
ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Winifred ta ajiye burodi a tebur, da ɗuminsa,
akwai wani a kanti, akwai wani gobe.
Mu uku ne a gidan.
Takan juya ta kama wanke kofin da ta riga ta wanke
don kada in ga ta ga
na zaro zare.
Ƙaramar ta ce, Baba, sauran biyar ɗin na wa ne?
Na ce, ɗauki naki.
Ni sai kowa ya ɗauka.